Masarrafin girke da masarrafin tafiya: mu tsayar da sunan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wasu kalmomi da suka tsaya mini a rai kwana biyu, na ce bari in kawo su gabanku mu raɗa musu suna.

Ƙanena ne yake neman kwamfutar cinya ta buga gem, ya tambaye ni wane furosesa zai zaɓa, wato ɗan guntun da ke yin lissafi da aiwatar da umarni a cikin kwamfuta. Da na ce masa "na mobayil", sai ya ɓata fuska, wai shi ba ya son kayan waya a cikin kwamfutarsa. Ba laifinsa ba ne. Kunnen Bahaushe in ya ji mobayil, waya yake gani.

Shi furosesa kansa ba shi da wahala. Da yawa suna cewa "ƙwaƙwalwar kwamfuta", amma a wurinmu mai ƙwaƙwalwa shi ne mai riƙe abu, don haka sunan ya fi karkata ga RAM, mai riƙe bayanai na wucin gadi, da ma'ajiya. Ni ina bayan "masarrafi", daga sarrafa, kamar yadda muka sami mabuɗi daga buɗe da madubi daga duba.

Inda gizo ke saƙa shi ne rabon masarrafi gida biyu: na kwamfutar da ake kafawa wuri guda, da na kwamfutar cinya da ake kira "na mobayil". Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar "na tebur" da "na hannu". Ban gamsu ba, domin kwamfutar gem ta cinya ma a kan tebur take wuni, "na hannu" kuwa ya sake mayar da mu kan waya. "Tafi-da-gidanka" ya yi tsawo, kuma shi ma waya ta riga ta ci rabinsa. Abin da nake so mu tsayar shi ne masarrafin girke da masarrafin tafiya. Girke ba baƙo ba ne, mun daɗe da sanin wayar girke, wadda ake kafawa wuri guda ba ta motsi. Wanda ya ce za a rikita shi da girki, ina ganin ba mai jin "masarrafin girke" ya tuna tukunya.

Dalilin da ya sa na nace: sunayen nan suna nuna ainihin bambancin, wato wuta da zafi. Ku duba Core i9-13900K na Intel, na girke ne, wutarsa ta tushe wat 125, in ya buɗe wuta yana kai wa 253. Ɗan'uwansa Core i9-13980HX da ya fito a farkon 2023 na tafiya ne, wat 55, iyakarsa 157. Dukansu ƙwayoyin aiki 24 gare su, kuma daga ƙira ɗaya aka fitar da su. Na girke yana zaune cikin babban akwati da manyan fankoki, yana shan wutar bango yadda ya ga dama. Na tafiya yana matse a siririn jiki, yana raba wuta da sanyi da katin hoto mai zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta, wanda shi ne ma ya fi ɗaukar nauyin yawancin wasanni. Batir ɗin kwamfutar cinya kuma ba ya wuce wat-awa 99.9, saboda ƙa'idar shiga jirgin sama ta tsaya a 100.

An taɓa gwada cusa na girke a kwamfutar cinya. Alienware Area-51m ta 2019 ta zo da Core i9-9900K zaune a soket, wato gurbin da ake ɗora masarrafi, ana iya cire shi. Sai dai nauyinta ya kusa kilo 4, kuma caja biyu ake jona mata kafin ta ba da cikakken ƙarfinta. Da Intel ta sauya soket a 2020, masu ita ba su sami damar sa sabon zubin ba, alhali don wannan damar wasu suka saya.

To masu HX a ƙarshen sunansu fa, irin su 13980HX, tunda jininsu na girke ne? Na tafiya ne. An liƙe su da dalma a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, ba sa ciruwa, kuma an daidaita wutarsu da mazauninsu. Haka Ryzen 9 7945HX na AMD mai ƙwayoyi 16. Sunan yana bin inda aka shirya abu ya zauna.

Saura kalma ɗaya, wadda ita ce ta fi burge ni. In masarrafi ya yi zafi ya doshi digiri 100, yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. Na ji ana cewa "shaƙewa", amma wannan yana nuna kamar ya mutu ko ya sami matsala. Ni na ce "jan linzami". Doki bai tsaya ba, ƙarfinsa na nan, an dai hana shi sakin jiki.

Ga yadda na gwada su duka a saƙon da na tura wa ƙanena: "Ka bar masarrafin girke ga kwamfutar girke. Nemi na tafiya mai H ko HX a ƙarshen sunansa, ka ƙara kuɗin a katin hoto, sannan ka bincika ko tana yawan jan linzami bayan awa ɗaya ana wasa." Bai tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba. Tambayarsa ita ce yadda ake gane mai jan linzamin kafin a biya.