Nagatif ɗin da mahaifina ya bari: yaya zan mayar da su cikin kwamfuta a gida?

Sani, Garwa

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya yi sana'ar ɗaukar hoto a nan Garwa tun shekarun 1970, har zuwa lokacin da kyamarar dijital da wayar hannu suka kashe kasuwar. Ya bar mana akwatin ƙarfe cike da nagatif, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi. Wasu baƙi da fari ne masu faɗi, kowane hoto murabba'i, wasu kuma masu launi ne na ƙaramin fim mai milimita 35. Akwai hotunan katin shaida, da na aure da suna, da na hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Da na buɗe akwatin sai wani wari mai tsami ya tashi, kuma na ga waɗansu sun lanƙwashe. Gidajen hoton da na zagaya duk sun daina harkar fim.

Ina neman shawarar masana: zan iya mayar da su cikin kwamfuta da kaina a gida, kuma da wace na'ura? Idan na gama, akwai sauran amfanin ajiye nagatif ɗin? Sannan marigayi yakan ce hoton fim ya fi na dijital, ina son jin ko hakan gaskiya ne.

Alhaji Umaru mai hoto, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ɗana. Kafin maganar na'ura, ka fara da warin nan, domin shi ne abin gaggawa. Ledar da aka yi yawancin fim ɗin wancan zamani da ita, wadda ake kira asetat, idan zafi da laima suka daɗe a kanta sai ta fara ruɓewa tana fitar da sinadarin binega, ta tsuke, ta lanƙwashe, daga baya fatar da hoton yake kanta ta yamutse. Lalacewar ba ta komawa baya, kuma tururin da take fitarwa yana gaggauta lalacewar na kusa da ita, musamman a rufaffen akwatin ƙarfe da zafin watan Afrilu na Garwa ya gasa shekara da shekaru. Saboda haka yau ɗin nan ka ware masu wari daban, ka sa su inda iska ke shiga a inuwa, kuma da su za ka fara aikin.

Kada ka zubar da ko ɗaya bayan ka gama. Nagatif shi ne asali, duk abin da ka ɗauka daga gare shi kwafi ne, kuma na'urar da za ta zo nan gaba za ta iya ciro abin da taka ta bari. A nan Kamaru ma an yi irin wannan aiki: a Mbouda, a yammacin ƙasa, shirin ceto tsofaffin taskoki na Laburaren Birtaniya ya mayar da dubban nagatif na mai hoto Jacques Toussele cikin kwamfuta, kuma abin ya yiwu ne domin mutumin ya adana su. Haka Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, duniya ta san su ne ta hanyar nagatif ɗin da suka ajiye, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis, a Italiya, a 2007.

Game da maganar mahaifinka, ina bayansa. Fim mai milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka, mai faɗin nan kuwa 12 kacal, don haka ba ka latsawa sai ka gyara wa mutum zama da hula da inda haske zai faɗa masa. Ruwan wankin baƙi da fari yana son sanyin digiri 20, mu kuwa a Marwa sai mun haɗa da ruwan randa da ƙanƙara. Wannan kulawar ita ce kake gani a tsofaffin hotuna. Kuma hoton baƙi da fari da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, idan an wanke shi da kyau yana rayuwa fiye da mai shi.

Habibu, Njamena

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa kan asetat haka yake. Sai dai a maganar fifiko ina da ɗan ja cikin ladabi: abin da kuka yaba ƙwarewar mai hoto ce, ba fim ɗin kansa ba. Kyamarar dijital ta yau ta zarce fim mai milimita 35 wajen tsabtar hoto da ɗauka cikin ƙarancin haske, ga shi ba ta cin kuɗin fim da na wanki. Inda nagatif ya fi dijital shi ne haƙuri da hasken da ya yi yawa, kamar farar riga a tsakar rana, da kuma cewa abu ne da ake riƙewa a hannu, ba ya jiran wata manhaja kafin a gan shi. Nagatif mai launi kuwa rini ne, ba azurfa ba, kuma rini yana dusashewa a zafi, don haka shi ma kada a yi masa jinkiri.

Malam Sani, hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce sikana mai fitila a murfinta, domin sikanar takardu ta ofis ba ta haska fim ta baya, ba za ta yi ba. Epson V600 tana karɓar ƙanana da masu faɗi, ƙaramar Plustek OpticFilm kuwa ta fi ta kaifi amma na milimita 35 kaɗai take ɗauka, saboda haka ba za ta wadatar da kai ba. Kada manyan lambobin da ake rubutawa a kwali su ruɗe ka, ɗigo 2400 a kowane inci ya isa. Hoton ƙaramin fim milimita 24 ne a 36, zai ba ka ɗigo kusan miliyan 8, mai faɗin kuma kusan miliyan 28. Illar sikana ita ce rashin sauri, kowane hoto yana cin mintuna, kuma idan wuta ta ɗauke aiki ya tsaya.

Ga mai akwati guda, na fi son hanya ta biyu, wato ka ɗauki hoton nagatif ɗin da kyamarar dijital mai gilashin kusa da ake kira makro. Ka kafa kyamarar tana kallon ƙasa ba ta motsi, ka shimfiɗa fitilar LED mai faɗi da farin haske a ƙarƙashi, ka ɗaga nagatif ɗin kaɗan daga kanta cikin marikin kwali da ka yanke wa taga. Domin ka tabbatar kyamarar ta daidaita, ka ajiye madubi a wurin, idan gilashin kyamarar ya ga kansa a tsakiyar hoto to ta zauna. Ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, mafi ƙanƙanta, buɗin gilashi f/8, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, da agogon jinkiri don kada hannu ya girgiza ta, ka kuma duhunta ɗakin. Gefe mai ƙyalli ya kalli kyamara, za ka ga rubutun bakin fim ɗin yana karantuwa daidai. Waya ma tana yi idan don a gane fuskoki ne kawai, amma ba don adanawa ba.

Bayan ɗauka sai ka juya nagatif ɗin a manhaja ya koma hoto na ainihi, kuma juya baƙi da fari abu ne mai sauƙi. Mai launi ne ke da wahala saboda launin ruwan lemon da ke shimfiɗe a kansa, wanda idan ka juya kai tsaye komai zai koma shuɗi. Don haka ka bar ɗan gefen fim da babu hoto ya shiga ɗaukar, manhaja ta auna launin daga nan ta cire shi. Darktable da RawTherapee kyauta ne kuma dukansu suna da sashen wannan aiki. Ka ajiye asali a tsarin fayil na TIFF da ba ya rage inganci, ka fitar da JPEG mai ƙaramin nauyi don rabawa.

Babban abokin gabarka ƙura ce, balle da hunturu. Ka rufe taga, ka kashe fanka, ka riƙe fim ta gefe, ka hure shi da roba mai busa iska, ba da baki ba, kuma kada ka wanke shi da ruwa. Tsarin share ƙura da wasu sikanoni ke da shi ba ya aiki a kan baƙi da fari mai azurfa, domin yana ɗaukar azurfar a matsayin datti.

Malama Zainabu, Ngaundere

Ɗan'uwa Sani, ina so in ƙara abin da ba na na'ura ba. Ka ba kowace ambulan lamba, ka sa wannan lambar a sunan fayil, kuma duk rubutun da mahaifinka ya yi a jikinta ka ɗauki hotonsa. Sannan ka zauna da iyaye mata da dattawan unguwa tun suna nan, su faɗa maka wane ne wannan, wace shekara ce, domin wannan sanin ya fi fim saurin ɓacewa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla, ɗaya a wani gida daban, kuma idan za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton. Ina kuma roƙonka, hotunan matan mutane da amare amana ce da aka ba mahaifinka, kada su hau Facebook sai da yardar iyalansu.

Sani, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ware masu warin, kuma zan ari kyamara wurin wani abokin aiki in fara da su. Saura tambaya ɗaya: na ji ana sa fim a firji, shin in yi haka?

Alhaji Umaru mai hoto, Marwa

Manyan taskoki suna yin haka, ɗana, domin sanyi yana rage saurin lalacewar, amma su wutarsu ba ta yankewa kuma suna rufe fim ɗin cikin ledar da laima ba ta ratsawa. A wurinmu idan firji ya huce ya sake sanyi, raɓa za ta kwanta a kan fim, ta manne shi, ta jawo fumfuna. Ka fitar da su daga akwatin ƙarfen, ka cire duk robar ɗauri, ka sa kowane yanki a ambulan ɗin takarda mai tsabta, ka jera su a tsaye cikin kwali a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, nesa da rufin kwano da bangon da ke jiƙewa da damina. Masu warin su zauna a kwalinsu daban, kuma ka riƙa duba sauran a farkon damina da ƙarshenta.