Neman kalma: "reason" a ilimin manɗiƙi, hankali ne ko dalili?

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. Ana neman kalmar Hausa guda da za ta tsaya a gurbin "reason" a darasin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Hankali da dalili ne a hannu, amma duk wadda aka saka sai wata jimla ta ƙi zama.

Malamin manɗiƙi: Wa alaikumus salam. Ba za ta zauna ba, Malam, domin abu uku Turanci ya cusa a buhu ɗaya. Akwai baiwar da mutum ke gane cewa magana ɗaya ba ta zama gaskiya kuma ƙarya a lokaci guda, wannan shi ne hankali. Akwai abin da kake kawowa don a yarda da maganarka, shi ne dalili. Sai abin da ya haifar da wani abu, sababi ke nan. Ka hango hayaƙi a bayan katanga ka ce akwai wuta: hayaƙin dalilinka ne. To amma hayaƙi ne ya kunna wutar? A'a, wuta ce sababin hayaƙi. Ibn Sina, masanin falsafa wanda ya rasu a 1037, ya bambanta burhani, wato hujja tabbatacciya, iri biyu: wanda ke tasowa daga sababi zuwa abin da ya haifar, da kuma wanda ke komawa daga alama zuwa sababi. Na farko shi ake kira limmi, na biyu inni.

Malamar harshe: Allah ya ƙara sani, Malam, amma bakin mutane bai raba su haka ba. Ana cewa "dalilin ruwan sama hanya ta yanke", alhali sababi ake nufi. Hankali ma ya fi yawo: "tafi a hankali" nutsuwa ce, "yaron yana da hankali" ladabi ne, "hankalinsa ya tashi" damuwa ce. Ɗalibi zai shigo aji da duk waɗannan.

Malamin manɗiƙi: Gaskiya ne, Malama. Shi ya sa za a ƙayyade su tun shafin farko, kuma kada a sake barin dalili ya shiga gonar sababi har littafin ya ƙare.

Mai fassara: To aikin kansa fa, wato tashi daga magana zuwa magana? Tunani zai yi?

Malamar harshe: Tunani ya yi faɗi. Wanda ya yi tagumi tunani yake, mai begen gida ma haka. Ina ganin "ƙulla hujja" ya fi, don ƙulli yana kamawa, yana kuma kwancewa. Kuma don Allah kada a kira hujjar da gardama. Gardama ta mutum biyu ce masu ɗaga murya, hujja kuwa ko kai kaɗai kana iya gina ta a takarda.

Malamin manɗiƙi: Na karɓa, ya ma dace da ƙiyasi, wato tsarin hujja na Aristotle, masanin falsafa na Girka. Muƙaddima biyu, wato maganganun da ake farawa da su, natija ɗaya, wato sakamakon da aka fitar, kalmomi uku, kuma ta tsakiya ita ce igiyar: tana cikin muƙaddimomin biyu, ba ta fitowa a natija. Duk ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi. Tagulla ƙarfe ce. Saboda haka tagulla tana buɗewa idan ta ji zafi. "Ƙarfe" ya ɗaure su, ya ɓace. Ga kuma inda yake kwancewa: duk kifi yana iyo, agwagwa tana iyo, saboda haka agwagwa kifi ce. Muƙaddimomin gaskiya ne, sai dai babu wadda ta yi magana a kan dukkan masu iyo, don haka igiyar ba ta kama komai ba. Akasin haka ma yana faruwa, ƙulli ya kama tsaf amma muƙaddima ƙarya ce: duk tsuntsu yana tashi, jimina tsuntsu ce, sai natija ta ce jimina tana tashi. Aibin nan a dalili yake, ƙullin lafiyarsa ƙalau.

Mai fassara: Madalla. Na rubuta hankali ga baiwar, dalili ga kowace muƙaddima da aka jingina da ita, sababi ga abin da ya haifar, hujja ga ginin gaba ɗaya, ƙulla hujja ga aikin.

Malamar harshe: Ƙara da "ƙullalliyar hujja" ga wadda siffarta ta inganta. "Ingantacciya" a ajiye wa wadda muƙaddimominta ma gaskiya ne, kada ta jimina ta samu shiga.