Zan kai Hajiya aikin gwiwa Alƙahira: otal ko gidan haya na wata ɗaya da rabi?

Baƙon Masar:

Assalamu alaikum jama'a. A tsakiyar Disamba in sha Allahu za mu tafi Alƙahira da mahaifiyata, za a yi mata aikin gwiwa. Mu uku ne, ni da ita da ƙanwata. Asibitin yana unguwar Muhandisin, kuma likita ya ce mu shirya zaman mako shida saboda gashin ƙashin da za a riƙa yi mata bayan aiki. Kuɗin otal na wannan tsawon lokaci ya fi ƙarfinmu, ga Hajiya ba ta cin abincin waje. Wani a Facebook ya nuna mini hotunan gida mai ɗaki biyu a Hayyul Ashir, da araha sosai, amma ya ce sai na tura rabin kuɗin kafin ya riƙe mini. Masu sanin garin, don Allah ku ba ni shawara: wace unguwa, me zan duba, kuma ta wace hanya zan biya?

Ɗan Abbasiyya:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ka tura ko sisi. Ko da mutumin na gaskiya ne, gidan ba naku ba ne. Hayyul Ashir tana can ƙarshen Madinatu Nasr, gabashin gari, Muhandisin kuwa tana yamma da Kogin Nilu, ɓangaren Giza. Tsakaninsu sai ka ratsa Alƙahira kaf ka hau gadar 6 Oktoba, kuma da yamma tafiyar nan tana iya cin sa'a ɗaya da rabi. Likitocin Masar da yawa sai bayan la'asar suke zama a ɗakunan ganin marasa lafiya na kansu, wato daidai lokacin da cunkoso ya fi muni. Wadda aka yi wa aikin gwiwa ba za ta jure wannan zaman mota sau uku a mako ba. Hayyul Ashir ta dace da ɗaliban Azhar, shi ya sa 'yan Afirka suka cika ta kuma haya ke da sauƙi, amma abin da ka rage a haya za ka zubar da shi a kuɗin mota.

Ka nema a Muhandisin ɗin kanta, ko Dukki, ko Aguza. Ukun nan maƙwabtan juna ne. Zamalik ma kusa take amma tsada. Kafin ka amince da kowane gida, ka karɓi cikakken adireshinsa ka sa a taswirar waya da misalin ƙarfe biyar na yamma agogon can, ranar Litinin ko Talata, ka ga minti nawa zai nuna zuwa asibiti. Kada ka gwada ranar Juma'a da safe, titunan fayau suke, zai yaudare ka. Juma'a da Asabar ne hutun mako a can.

Tsarin da ya fi aminci shi ne ka kama otal ko gida na kwana uku zuwa biyar kusa da asibiti tun kana Najeriya. A cikin kwanakin nan ka zaga ka ga gidaje da idonka. Abin da za ka ce kana nema shi ne "shaƙƙa mafrusha", gida mai kayan ɗaki. Dillali sunansa "simsar". Mai gadin bene kuma "bawwab", kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa sanin wane gida ne babu kowa a layin. Ka yanke la'adar dillali kafin ya nuna maka ƙofa ta farko, ka kuma tambaya a fili ko mai gida ne zai biya ko kai, don wasu suna karɓa ta ɓangare biyu.

Maman Biyu:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni a kan cikin gidan zan yi magana, don hoto ba ya nuna abin da zai wahalar da Hajiya.

Lifta tukuna. Bai isa a ce maka akwai "asanser" ba. A tsofaffin benaye na Dukki da Muhandisin za ka tarar sai an hau matakala shida ko takwas daga bakin titi kafin a kai ƙofar liftar. Wata kuma tana tsayawa ne tsakanin hawa biyu, sai ka ƙarasa da ƙafa. Wata ƙofarta ba ta kai faɗin keken marasa lafiya ba. Ka je da awo, ko ka auna faɗin keken da igiya ka gwada a ƙofar lifta da ta bayi. Sannan liftoci da yawa ba sa tashi sai da ɗan makulli ko 'yar na'urar da ake karawa, wadda ake ba waɗanda suka biya kuɗin gyara kaɗai. Ka tabbatar za a ba ku aƙalla guda biyu, in ba haka ba duk wanda ya fita kasuwa ya bar sauran a kulle a sama. Ka zaɓi hawa na ɗaya zuwa na uku. A 2023 da 2024 an yi ta ɗauke wuta sa'a ɗaya zuwa biyu kullum bisa jadawali, kuma ko babu wannan, lifta tana lalacewa. Sauko da mara lafiya daga hawa na tara a kan kujera ba wasa ba ne. Ka lura kuma, hawan ƙasa sunansa "ardi", na ɗaya shi ne wanda ke samansa.

Sai bayi. Yawancin gidajen suna da kwamin wanka mai tsayin baki, "banyo", wanda sai an ɗaga ƙafa an tsallaka. Mai sabon ɗinki a gwiwa ba za ta iya ba. Ka nemi mai wurin wanka a daɓe, ka sayi kujerar roba da tabarmar roba mai hana santsi. Masai ya zama na zama, kuma in ya yi ƙasa da yawa, shagunan kayan asibiti suna sayar da abin ɗorawa da ke ƙara masa tsayi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hitar ruwa mai aiki da gas, "sakkan gas". Idan tana cikin bayin kuma babu bututun da ke fitar da hayaƙinta waje, tana tara iskar guba wadda ba ta da wari. Mutum yana wanka da ƙofa a rufe sai jiri, sai suma. Duk hunturu ana samun mace-mace ta wannan hanya a Masar, kuma ku a tsakiyar hunturun za ku je. Ka duba saman hitar, dole ka ga bututu ya fita ta bango ko taga. Idan babu, ko dai ka bar gidan ko a sa muku mai lantarki.

Sanyi kuma. Disamba da Janairu dare yana sauka wajen digiri 10, gidajen tayil ne ko marmara, ba a gina su don ɗumi ba. Masu talla suna alfahari da gida "bahri", mai fuskantar arewa, saboda iskarsa a lokacin zafi. Ku kishiyarsa kuke so, "ƙibli", mai fuskantar kudu da rana ke shiga. Ɗakin da tagarsa ke buɗewa cikin "manwar", wato ramin nan na tsakiyar bene, duhu ne da ƙaurin girkin maƙwabta, kada a ba Hajiya shi. Ka kunna esi ka ga ko yana ba da ɗumi, don wasu sanyi kawai suke yi. Ka ƙirga barguna.

Sauran a gurguje: ka buɗe famfon kicin da na bayi lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa, ka tambaya ko injin tura ruwa sama na gidan ne ko na bene duka. Ka ɗaga zanin gado ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya, baƙaƙen ɗige-ɗige alamar kuɗin cizo ne. Ka kunna injin wanki da kowane kan murhu. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ku taho da adafta biyu ko uku. 'Yan Nijar ba su cika samun wannan matsalar ba.

Mai Lissafi:

Ina tare da Ɗan Abbasiyya a kan unguwa, amma ban yarda a ce dillali ne kaɗai mafita ba. Wanda ba ya jin Larabcin Masar, ga mara lafiya a hannu, ga gwaje-gwajen kafin aiki, ba lallai ya samu kwana biyu na yawon ganin gidaje ba. Airbnb, wato manhajar kama gidan haya ta intanet, ya fi tsada, gaskiya ne, amma kuɗinka ba ya isa hannun mai gida sai bayan kun shiga, kuma idan ka tarar da abin da ya saɓa wa talla kana da sa'o'i 72 ka kai ƙara da hotuna. Dillalin titi ba ya ba ka wannan.

Tarkon da ke ciki shi ne zaman dare 28 ko fiye. Daga nan ana lissafa shi zaman wata, ana rage farashi, amma sharaɗin sokewa ya canza: idan kun shiga sannan kuka fasa, ana iya cajin ku har dare 30 na gaba. Don haka ka kama mako ɗaya tukuna. In gidan ya yi, ka tsawaita. Kafin nan ka tambayi mai gidan ko kwanakin da ke biye babu kowa, kada wani ya riga ka. Ka karanta sharhin baƙin da suka zauna kwanan nan, musamman masu ƙorafi, ka ga ko abu guda suke ta maimaitawa. Gida mai hotuna masu kyau babu sharhi ko ɗaya, ka wuce. Duk wanda ya ce ku fita daga manhajar ka tura masa ta Vodafone Cash, wato asusun tura kuɗi ta waya, ko ta hannun wani don ya yi maka ragi kafin ka ga gida, ka ɗauka kuɗin sun tafi. Ka kuma gwada katin bankinka tun kana gida, don katin naira ba kullum yake wucewa a biyan waje ba.

Idan ta hannun dillali ka bi, to a rubuta yarjejeniya, "aƙd ijar", ko na wata guda ne. Ta ƙunshi ranar shiga da ta fita, kuɗin haya da fam ɗin Masar a rubuce da lamba da kalmomi, da kuɗin ajiya da suke kira "ta'min" da ranar da za a maido shi. Ka ga katin shaidar mai gidan ka haɗa sunan da wanda ke kan takardar wuta. Idan suna ya bambanta, wataƙila ɗan haya ne yake sake ba da haya, kuma mai gidan na ainihi zai iya fitar da ku. A haɗa da jerin kayan gida, ku sa hannu ku biyu. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon komai, har tsagewar kujera da fashewar tayil, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Yawancin rigimar ta'min daga ɓarnar da ka tarar ake ɗora maka take tasowa.

A rubuta wa zai biya wuta, gas, ruwa, intanet, kuɗin bawwab da na mai kwashe shara. Mitar wuta da yawa ta kati ce. Ka ɗauki hoton abin da ya rage a ciki, ka karɓi katin a hannunka, ka tambayi inda ake loda shi a unguwar. Farashin wuta hawa-hawa ne, yawan shanku yawan tsadar kowane kilowat, don haka hita biyu da ke kunne dare da rana za su cinye kati da wuri, kuma in ya ƙare ba a loda ba wuta za ta yanke. Intanet na gida ma ƙayyadadde ne, gigabait ɗin wata na ƙarewa sai ya koma rarrafe. Ka tambayi nawa ne a kunshin da ranar sabuntawa.

Canji kuma a banki ko shagon canji mai lasisi, ka ajiye rasit. Tun da aka saki fam a Maris 2024 ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, ribar kasuwar bayan fage ta kau, laifinta a doka kuwa yana nan.

Baƙon Masar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa na Hayyul Ashir. Tambaya ɗaya ta rage: mai wani gida a Dukki ya ce sai na ba shi hoton fasfo ɗinmu duka. Wannan daidai ne?

Ɗan Abbasiyya:

Daidai ne, kada ka ji komai. Dokar shige da fice ta Masar, mai lamba 89 ta 1960, ta wajabta wa duk wanda ya saukar da baƙo ɗan ƙasar waje ya sanar da 'yan sandan yankin cikin sa'o'i 48. Otal yana yin wannan da kansa, a gidan haya kuwa aikin mai gida ne. Wanda ma bai nemi fasfo ba shi ne abin tambaya. Kwafi za ka ba shi, shafin hoto da na biza da tambarin shiga, bayan kun ga gida kun daidaita. Fasfo na ainihi ba ya kwana a hannun kowa.

Ka duba kwana nawa aka ba ku a biza. Idan mako shidan zai zarce, ana ƙarin wa'adi a ofishin fasfo da ke Abbasiyya, inda aka mayar da shi daga ginin Mugamma na dandalin Tahrir. A can suna iya neman yarjejeniyar haya wadda aka yi wa rajista a "Shahrul Aƙari", ofishin rajistar kadarori, tare da takardar wuta ta gidan. Ba kowane mai gida ke son zuwa can ba, don haka ka tambaye shi tun kafin ka biya, ka kuma karɓi wasiƙar asibiti mai nuna tsawon jinya.

Ka sa mai gidan ya rubuta maka adireshin da Larabci, lambar bene da hawa da lambar ƙofa da wata alama ta kusa, kamar masallaci ko kantin magani. Ka liƙa kwafi a bayan ƙofa, ƙanwarka ma ta ajiye a wayarta tare da lambar bawwab. Motar asibiti ta gaggawa 123 ce, 'yan sanda 122, kuma wanda zai ɗauki wayar da Larabci zai tambaye ku inda kuke.