Bayan sari a Istanbul, ina za mu leƙa?

Hajiya Mai Abaya: Salamu alaikum 'yan zaure. In mun gama sari a Laleli, ni da maigida muna so mu ga Sumela, kufan Afisa da Safranbolu. Da wanne za mu fara?

Ɗalibin Karabuk: Hajiya, Safranbolu. Kamar awa shida ne a bas daga Istanbul. Gidajen katako na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suna nan tsaye, tun 1994 garin ke cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Ku kwana a tsohuwar kasuwa, kusa da Cinci Han, masaukin fatake na 1645.

Baban Walid: Don Allah kar wani ɗan kamfani ya ce zai haɗa muku ukun a tafiya ɗaya. Haka aka yi mana. Sumela tana can gabas kusa da Trabzon, Afisa kuwa yamma ce ta wajen Izmir, tsakaninsu ya haura kilomita dubu. A mota muka ƙare. Muka isa Sumela cikin hunturu, hazo ya rufe kwarin gaba ɗaya. Sumela gidan sufayen Kirista ne, manne yake a jikin dutse, sai an taka matattakala mai santsi. Surukata gwiwa ta hana ta hawa, a ƙasa ta zauna tana rawar ɗari. Mu da muka hau mun ga zanen bangon cocin da ke cikin kogo, wasu fuskokin duk an kankare su, abin tausayi. Tun 1923 sufayen suka bar wurin. Ku hau jirgi zuwa Trabzon, da bazara.

Anti Mai Turare: Ɗalibi, za'afaran ɗin Safranbolu nake so ka riƙo mini.

Ɗan Kwari: A Afisa kar ku tsaya a ɗakin karatun Selsus kaɗai, kogon Ashabul Kahfi na nan kusa.

Malam Ƙarami: A'a Alhaji, ba a yanke ba. Mutanen Tarsus da Afshin a Turkiyya ma suna cewa nasu ne, ga na Jodan kusa da Amman.

Ɗan Kwari: To Malam, laifi ne a leƙa?

Malam Ƙarami: Ban hana ba. Kar dai a dawo ana rantsuwa cewa shi ne.

Ɗalibin Karabuk: In sallah ta kama ku, masallacin Isa Bey na 1375 yana Selcuk, garin da ke dab da Afisa. Ku shiga Afisa da sassafe, inuwa ta yi ƙaranci.

Hajiya Mai Abaya: Baban Walid, matattakalar nan mai ciwon baya zai iya?

Anti Mai Turare: Ɗalibi, ban ji ka ba fa.