Malamina ya ƙi karɓar amsoshi 212 da na tara, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe, bincikena kan kuɗin da gidaje ke kashewa wajen 'yan ga-ruwa a unguwarmu. Tun kafin azumi nake fama, ga Mama ba lafiya, ni ke kwana da ita a asibiti, wayata kuma ta lalace sai ta yayana nake ara. Da ƙyar na haɗa tambayoyin a Google Forms na watsa a WhatsApp, mutum 212 suka cike. Jiya malamina ya ce wai ƙawayena na tambaya, ba mutanen unguwa ba. Saura sati uku. Ya zan yi?

Tsohon Mai Ƙidaya: Wa'alaikumus salam. 'Yata, malaminki ya faɗi gaskiya. Wa ya san jarka nawa ke shiga gida? Matar gida, ita kuwa ba lallai tana WhatsApp ba. Na yi aikin ƙidayar 2006, da ƙafa ake tara bayani. Fara gaida mai unguwa, ya haɗa ki da yaro. Kowane layi ki shiga gida na biyar, na goma, haka, kada ki zaɓi wanda ƙofarsa ta burge ki. Ke mace ce, "ba shiga" bai shafe ki ba. Sa tambayoyin a KoboCollect, manhajar waya ce ta tara bayani, tana aiki ko ba data.

Ɗan Zazzau: Ni ina ganin adadi ne matsalar. A sashenmu amsoshin mutum 384 ake nema. Ƙara watsawa kawai har ya cika.

Tsohon Mai Ƙidaya: Ko 2,000 ne, in duk daga wayarta suka fito, aikin banza ne. 384 ɗin nan sai an zaɓo mutane ba da son rai ba yake da ma'ana.

Mai tambaya: Baba, ai na rubuta a saman fom ɗin cewa mazauna unguwar kaɗai za su cike. Kuma ƙawata da amsoshi 100 ta gama nata.

Uwar Biyu: Allah ya ba Mama lafiya. Mu dai mun gaji. Bara wasu suka zo da riguna iri ɗaya, har buhun shinkafarmu suka leƙa, muka ɗauka tallafi ne, shiru har yau. Yanzu duk mai biro da ya shigo, cewa nake ba mu ɗora tukunya ba tun jiya.

Malamar Islamiyya: Takarda ta fi. Kina ɗaga waya a tsakar gidan mutane za a ce hoto kike ɗauka.

Ɗan Zazzau: Ko ki zauna ƙarƙashin bishiya ki cike sauran da kanki, wa zai sani?

Tsohon Mai Ƙidaya: Kai, ji tsoron Allah! Hannu ɗaya, amsa iri ɗaya, malami na gani zai gane.

Mai tambaya: Na gode, amma gida-gida a sati uku, ga jinya? In na ƙara gida 50 a kan 212 ɗin fa?

Uwar Biyu: Wai nawa ake sayar da jarka a wajenku yanzu?