Wane suna za mu ba wa "pickup" na jitar lantarki?

Garba Mai Gyara:
Salamu alaikum. Ana shirya ɗan bayani da Hausa kan yadda ake rage kaifin jitar lantarki, wato idan amonta ya yi tsini yana sukar kunne. Kalma ɗaya ta tsaya mana, "pickup", abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. In aka rubuta fikof, mota mai karatu zai hango. Ga aikinsa don masu taya mu nema: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi wajen 8,000 a na Stratocaster, jitar kamfanin Fender. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a samansa, filin maganaɗisun yana motsi, sai ɗan lantarki ya taso a cikin wayar ya wuce amfilifaya, na'urar da ke ƙara amo. Abin da ke hannu yanzu: kunnen jita, makirufon jita, maɗaukin sauti.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. A cire makirufo tun yanzu, kunne ma ya bi shi. Su biyun iska suke ji, wannan kuwa ba ruwansa da iska. Ɗaura tsirkiyar nailan a kan jitar, ka kaɗa iya ƙarfinka, amfilifaya shiru za ta yi. Wanda ya karanta "makirufo" zai zaci canza shi kamar sayen makirufo mai taushin murya ne, alhali kaifin nan rabinsa a cikin wayoyi da mamurɗan jitar yake, wato abubuwan da ake murɗawa don daidaita ƙara da amo. "Sauti" ma a sauke shi, motsi yake ɗauka.

Malama Hadiza:
To ai kun kusa. A bar shi maɗauki kawai, a tsarin mabuɗi da maɗauri da masassabi. Namiji ne, jam'insa maɗaukai, kamar mabuɗai. Kada a ce maɗauka, wannan jam'in mutane ne masu ɗauka. A farkon rubutu a ce maɗaukin jita, daga nan a ci gaba da maɗauki. Ina kuma roƙo kada a fassara siffar amon da "haske". Mu ba ma cewa murya ta yi haske. Kaifi da tsini da Malam Garba ya kawo sun zauna, kishiyarsu kauri da taushi.

Garba Mai Gyara:
Na karɓa, Malama. Saura ire-irensa. Akwai mai naɗi ɗaya irin na Fender, akwai hambaka mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, ya hau jitarsu Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna adawa da juna, sai ƙugin wutar lantarki ya kashe kansa.

Malama Hadiza:
Tilo da tagwai. Maɗauki tilo, maɗauki tagwai. In ana son bayyana amfanin na biyun, a ƙara "mai kashe ƙugi".

Injiniya Bala:
Madalla. Bari a gwada kalmomin a kan ainihin matsalar, mu ga ko za su ɗauki kaya.

Kowane maɗauki yana da wani tudu, wurin da yake ɗaga amo fiye da ko'ina kafin ya faɗi. Inda tudun nan ya zauna, can kaifin jita yake. Abu biyu ne ke ajiye shi: nauyin naɗi, wanda ake aunawa da henri, da kafasitans, wato iya riƙe cajin lantarki, wanda ake aunawa da pF, na naɗin haɗe da na kebul. Kebul na jita yana da wajen 100 pF a kowace mita, don haka na mita 5 tare da naɗin kansa sun kai kamar 600 pF. Maɗauki tilo mai henri 2.5 a kan wannan, tudunsa na wajen 4,100 Hz, wato kaɗawa 4,100 a daƙiƙa, daidai inda kunnen mutum ya fi jin zafi. Tagwai mai henri 4.5 yana saukowa wajen 3,000 Hz. Mai naɗi da yawa, henri 8, yana kusa da 2,300 Hz, kuma a nan ne amo ke fara toshewa idan an wuce gona da iri.

Saboda haka mai neman taushi ya dubi henri. Adadin ohm, ma'aunin turjiyar waya ga lantarki, da ake bugawa a kwali yana yaudara, domin tsawon waya da sirantarta kawai yake faɗi. Waya lamba 43 ta fi lamba 42 siranta, naɗi iri ɗaya sai ta ba da ohm mafi yawa. Tagwai JB na kamfanin Seymour Duncan yana wajen ohm dubu 16, amma da yawa daga masu kaɗa shi suna kukan tsininsa a saman tsakiyar amo, musamman a jitar da tun asali ba ta da kauri.

Baba Audu:
Injiniya, kafin a tura mutane sayen sabo, a jera musu abin da sukudireba da dalma za su gyara.

Tsayi tukuna. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe cikin waɗanda ke gicciye a wuyan jita, ka auna tsakaninta da kan maganaɗisu. A maɗauki tilo ana farawa da milimita 2.4 a gefen kaurara, 2.0 a gefen sirara. Sauke gefen sirara rabin zagayen sukuru, ka saurara, ka ƙara. Wanda ya matso sosai yana cizo, kuma maganaɗisun na jan tsirkiya har amo ya riƙa rawa kamar ba a saita ta ba.

Sai mamurɗi. Na 500k, wato ohm dubu 500, yana barin tudun nan tsaye, na 250k yana danne shi. Jitar Jazzmaster mamurɗinta na ohm miliyan 1 ne, shi ya sa take da tsini haka. Jita mai maɗauki tilo da aka sa wa 500k za ta yi kaifi ko da wane maɗauki aka kawo. Gwaji mai sauƙi: liƙa resisto, ɗan abin da ke turje wa lantarki, mai 470k tsakanin ƙafafu biyu na gefe na mamurɗin bolum mai 500k, sai ya koma wajen 240k.

A Stratocaster ta tsohon tsari kuma, maɗaukin jaki, wato na kusa da inda tsirkiyoyi suka hau, ba a haɗa shi da mamurɗin amo ko ɗaya ba. Ga shi dama shi ne mafi kaifi, saboda a wurin tsirkiya ba ta lilo sosai. Guntuwar waya ɗaya a kan suwic mai matsayi biyar tana haɗa shi da mamurɗin amo na maɗaukin tsakiya, a ajiye a 6 ko 7.

Injiniya Bala:
Gaskiya ne, Baba. In ƙara ɗaya: kafasito, ɗan abin da ke ƙara kafasitans, mai 470 pF daga wayar wuta ta maɗauki, mai ɗauke da amo, zuwa ƙasa, wato wayar "ground", yana sauko da tudun tilon nan daga 4,100 zuwa wajen 3,100 Hz, kusan inda tagwai yake. Canza kafasiton mamurɗin amo daga 0.022 zuwa 0.047 µF kuwa ba ya yin abin kirki muddin mamurɗin na kan 10, sai an murɗa shi ƙasa ake ji. A kuma duba ko an ɗaura wa mamurɗin bolum ɗan kafasiton nan mai hana kaifi zubewa idan an rage ƙara. In yana nan, a cire ƙafa ɗaya a saurara.

Malama Hadiza:
Jakin nan na Baba ya yi daɗi, kalmar masu goge ce. Maɗaukin jaki, maɗaukin tsakiya, maɗaukin wuya. An samu ukun.

Garba Mai Gyara:
Idan duk wannan bai isa ba, kuma an gwada tsirkiyar nikel zalla a madadin ta sitil, sai a zo kan saye. A tagwai, maganaɗisun Alnico 2 ya fi Alnico 5 rauni, bugunsa na fita da taushi, amonsa mai kauri dai ba ya da tauri sosai. Seramik ya fi dacewa da mai neman ƙarfi da cizo, ba shi ake nema a nan ba. Murfin ƙarfe yana ɗan aske kaifi, na tagulla ya fi na nikel askewa nesa ba kusa ba. Mai jitar da ramin maɗaukinta na girman tilo ne, da ba ya son a fafe jikinta, yana da tagwai masu girman tilo, irin Little '59 ko Hot Rails, ko tilon da aka ƙara wa naɗi kaɗan. P-90, wanda Gibson ya fitar a 1946, tilo ne mai faɗin naɗi da kaurin amo, sai dai raminsa daban ne kuma yana ƙugi. A canza na jaki shi kaɗai tukuna. Sau da yawa na wuya lafiyarsa lau, kuma in aka sa masa mai nauyin naɗi sai ya koma laka.

Baba Audu:
Abu biyu ke ɓata aikin a ranar ɗaurawa. Na farko tazara: auna daga tsirkiya ta 1 zuwa ta 6 a saman maɗaukin jaki. Wajen milimita 50 na tsarin Gibson ne, wajen 53 na Fender da jaki samfurin Floyd Rose, a sayi wanda ya dace don sandunan su zauna ƙarƙashin tsirkiyoyi. Na biyu launin waya, kowane kamfani da nasa. A Seymour Duncan baƙa ce ta wuta, kore da tsirarar suna zuwa ƙasa, ja da fara a haɗe su a naɗe da tef. A DiMarzio ja ce ta wuta, kore ƙasa, baƙa da fara a haɗe. In an gama, maɗaukin shi kaɗai yana da kauri amma haɗe da na tsakiya amo ya zama siriri kamar ta hanci, to sun yi hannun riga ne. A na Duncan sai a musanya baƙa da kore, tsirarar ta tsaya a ƙasa inda take.