Shin tsiron da aka cire daga babban hanji ya isa ya nuna lokacin sake duba hanjin da kyamara?

Likitan tiyata: Ra'ayina shi ne, yawan tsiron da aka cire daga babban hanji da girmansa sun isa a gane wanda sabon tsiro mai haɗarin rikiɗewa zuwa kansar hanji zai iya fito masa. A kan haka ƙa'idar likitocin hanji na Amurka ta 2020 ta ginu: mai tsiro ɗaya ko biyu da ba su kai milimita 10 ba ya dawo bayan shekara 7 zuwa 10, wanda nasa ya kai milimita 10 kuwa, ko gwajin nama ya nuna ƙwayoyinsa sun sauya ƙwarai, ya dawo bayan shekara 3.

Likitar hanji: Dakta, in da ƙidaya ta wadatar, ai da ba a sami saɓani ba. A wannan shekarar dai ƙungiyar likitocin hanji ta Turai ta ce mai ƙananan tsiro har huɗu ba ya buƙatar bibiya ta musamman, alhali Amurka ta ce mai uku ko huɗu ya dawo cikin shekara 3 zuwa 5. Abin da ya fi damuna shi ne, wani tsiron da muke kira sabo tsoho ne, an wuce shi ba a gani ba, ko an cire shi an bar saura. Binciken Corley da abokan aikinsa na 2014 a Kalifoniya ya nuna cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a yawan mutanen da likita ke gano musu tsiro yana tafiya da raguwar kusan kashi 3 cikin 100 na haɗarin kansar da ke bayyana bayan an duba hanjin.

Ɗalibin likitanci: Malamaina, me zai hana a haɗa da shekarun mutum da ƙiba da shan taba a fitar da makin haɗari?

Likitan tiyata: An gwada, amma irin waɗannan ma'aunai ba su cika rarrabe mutane sosai ba. Tarihin iyali daban ne, domin mai ciwon gado na Lynch, wanda ke ƙara haɗarin kansar hanji, nasa jadawalin ya fi kusa.

Ma'aikaciyar jinya: Likitoci, ina goyon bayan Hajiya likitar hanji. Wanda bai shanye maganin wankin ciki ba, kyamara ba za ta ga bangon hanjinsa da kyau ba, kuma bai kamata a ba shi shekara 10 ba. A rubuta a takardarsa ko hanjin ya wanku da ko na'urar ta kai ƙarshensa, sannan a sa masa ranar dawowa.